Yadda Ake Cefane Ba Tare da Cin Gumin Manomi Ba: Daga Kofin Gahawa Zuwa Mudun Wake

Duk wanda ya zauna a kan bencin mai shayi da sassafe ya ce a haɗa masa mai kauri a zuba gahawa, to a cikin kofi ɗaya an tara masa gumin mutanen da ba zai taɓa gani ba. Ganyen shayin yana iya zama na Kenya ko na ƙasar Sin, garin gahawar mai yiwuwa daga gonakin Kodebuwa ya fito, kokon da ke cikin garin da ake barbaɗawa na Gana ne ko na Ondo, alkamar burodin kuwa teku ta ƙetaro kafin ta iso gidan burodi. Mai sha zai biya ya tashi, amma kuɗin da ya ajiye a kan tebur za su ci gaba da tafiya daga hannu zuwa hannu, kuma a mafi yawan lokuta wanda ya fi kowa shan rana a kan amfanin shi ne yake tashi da kaso mafi ƙanƙanta.

A aya ta 168 ta Suratul Baƙara an umarci mutane su ci daga abin da ke bayan ƙasa wanda yake halal kuma mai kyau. Mun ƙware wajen tambayar ko an yanka dabba da sunan Allah, kuma haka ya kamata, sai dai ba mu cika tambayar ko an biya manomi haƙƙinsa ba, ko yaro aka hana zuwa makaranta ya yi aikin, ko guba aka zuba wa hatsin don kada ƙwari su taɓa shi. A ganina waɗannan tambayoyi duk suna cikin cefane, kuma mutum ba sai ya zama attajiri ba kafin ya fara yin su.

Mataki na farko shi ne ka ɗauki takarda da biro ka rubuta duk abin da ya shigo gidanka na ci da sha har tsawon mako biyu, tare da kuɗinsa da wurin da aka sayo shi. Idan uwargida ce take riƙe da lissafin ɗakin girki, ku zauna tare, domin ita ta san abin da ke saurin ƙarewa da abin da ke lalacewa a zubar. Bayan mako biyu za ka ga cewa kaya huɗu ko biyar ne suke cinye mafi yawan kuɗin, galibi hatsi da mai da kayan miya da kayan shayi. A kansu za ka fara. Wanda ya ce zai sauya komai a rana ɗaya yakan gaji kafin wata ya ƙare, amma wanda ya gyara yadda yake sayen wake da manja kawai ya riga ya sauya inda dubban nairorinsa suke zuwa a shekara.

Mataki na biyu ya shafi gahawa, kuma zan ɗan daɗe a kanta, saboda a cikinta ake ganin tazarar da ke tsakanin mai noma da mai sha ƙarara. Iri biyu ne suka mamaye kasuwar duniya. Akwai arabika, wadda asalinta dazuzzukan tsaunukan kudu maso yammacin Habasha ne, tana son tudu mai sanyi, kuma ta fi ƙamshi da tsada. Akwai robusta, wadda take jure zafi da cututtuka, ta fi ɗaci, sinadarin da ke hana barci a cikinta ya kusa ninka na arabika, kuma da ita ake yin mafi yawan garin gahawa mai narkewa nan take a ruwan zafi, irin wanda muka saba gani a teburin mai shayi. Birazil ce kan gaba wajen noma a duniya, Biyetnam na biye da ita, a Afirka kuma Habasha da Yuganda ne manya. Mafi yawan masu noman nan ƙananan manoma ne masu 'yan gonaki, amma ba a ƙauyukansu ake yanke farashi ba. Farashin arabika a kasuwar Niyok ake tsayar da shi, na robusta kuma a Landan.

Har zuwa 1989 akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashe masu noma da masu saye wadda take ƙayyade yawan abin da kowace ƙasa za ta fitar, domin kada farashi ya faɗi warwas. Da tsarin ya rushe a wannan shekara, farashi ya zama kamar ruwan damina, yau ambaliya gobe fari. A 2001 ya faɗi ƙasa da senti 50 a kan laba ɗaya, wato kusan giram 454. A 2019 ya sake yin ƙasa da dala ɗaya, sannan a farkon 2025 ya haura dala 4 bayan fari ya taɓa gonakin Birazil. Itacen gahawa yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya sosai, don haka manomin ba shi da damar da mai noman gero yake da ita ta sauya shuka a damina mai zuwa idan kasuwa ta juya masa baya. Ko ya sayar a kan asara, ko ya sare itatuwan da ya yi shekaru yana reno.

Idan ka ɗauki fakitin gahawa a kanti, abu na farko da za ka nema shi ne inda aka noma ta. Fakitin da ya ambaci ƙasa kawai ya fi wanda bai ce komai ba, wanda ya ambaci yanki, kamar Sidama ko Yirgacefe ko Harar a Habasha, ya fi shi, wanda kuma ya ambaci sunan ƙungiyar manoman da suka noma ta ya fi su duka, domin mai sayarwa ba ya rubuta sunan manomi sai idan ya san shi kuma ba ya jin kunyar abin da ya biya shi. Abu na biyu shi ne ranar da aka soya ƙwayar, ba ranar lalacewa kaɗai ba, saboda ƙamshin gahawa yana raguwa cikin 'yan makonni bayan suya, kuma wadda aka niƙa ta fi saurin sanewa. Idan da hali, ka sayi ƙwaya ka riƙa daka kaɗan kaɗan a ƙaramin turmi, kamar yadda ake yi a Sudan da Habasha, inda ake soya ta a gaban baƙo a dafa a cikin jabana.

Abu na uku shi ne ka duba kusa da gida kafin ka duba nesa. Ana noman gahawa a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba da kuma tsaunukan Jos, ana nomanta a yammacin Kamaru, kuma yanzu akwai ƙananan masu suya a manyan biranenmu da suke saye kai tsaye daga waɗannan manoma. Amfanin sayen irin wannan shi ne kana iya tsayawa gaban mai ita ka tambaye shi: daga wane ƙauye ka sayo, nawa ka biya kilo, kuma a hannun manomi ka karɓa ko a hannun dillali? Mai gaskiya zai amsa da murna, domin tambayar tana nuna masa cewa wahalar da ya sha ta zuwa har gona ba ta tafi a banza ba. Wanda ya fara kame-kame kuma ya ba ka amsa ko da bai faɗa ba. Ka tambayi kuma ko a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa ake nomanta, domin haka arabika take a asalinta, kuma gonar da ta bar itatuwanta tana riƙe ƙasa da danshi da tsuntsaye, saɓanin wadda aka share ƙurmus aka dogara da takin zamani da feshi.

Wanda ƙarfinsa bai wuce garin gahawa na kanti ba, shi ma yana da abin yi. Ƙananan ledoji na kofi ɗaya sun fi tsada idan aka lissafa giram da giram, kuma su ne suke cika magudanan ruwa, don haka gwangwani ko kwalba ɗaya ta fi. Sannan a dafa daidai abin da za a sha. Masu bincike a ƙasar Holan sun ƙiyasta cewa kofi ɗaya na gahawa yana cin ruwa kimanin lita 140 tun daga gona har zuwa baki, saboda haka rabin butar da aka zubar ba ƙaramar ɓarna ba ce. Kimanin giram 15 na niƙaƙƙiyar ƙwaya ya isa kofi mai ɗaukar rubu'in lita, tukar da ta rage kuma a zuba ta cikin takin gargajiya.

Mataki na uku shi ne ka koyi karanta tambarin da ke jikin kaya, ka san abin da kowanne yake alkawari da abin da bai yi alkawari ba. Tambarin Fairtrade ya samo asali ne daga wani yunƙuri da aka fara a Holan a 1988 da gahawar ƙananan manoman Meziko. Ginshiƙinsa shi ne farashin da ba a sauka ƙasa da shi komai faɗuwar kasuwa. A watan Agusta na 2023 an tsayar da wannan farashi a dala 1 da senti 80 a kan laba ɗaya ta wankakkiyar arabika, da ƙarin senti 20 da ake ba ƙungiyar manoma su yanke shawarar abin da za su yi da shi, ko rijiya ko ajin makaranta ko gyaran gona, da wani ƙarin senti 40 idan ba a yi amfani da takin zamani da maganin feshi ba. Tambarin Rainforest Alliance, mai hoton koren kwaɗo, wanda ya haɗe da wata ƙungiyar ba da shaida mai suna UTZ a 2018, ya fi mayar da hankali kan kare daji da yanayin aikin ma'aikata, amma bai tsayar da mafi ƙarancin farashi irin na Fairtrade ba. Koren ganye mai taurari na Tarayyar Turai kuwa shaida ce kan yadda aka yi noman, ba kan abin da aka biya manomi ba. Lambar hukumar NAFDAC ma haka take: tana nuna cewa an yi wa kayan rajista, kuma wajibi ne ka duba ta tare da ranar lalacewa, amma ba ta cewa komai game da wanda ya yi noma.

Ina ganin tambari abin taimako ne, amma bai kai a rufe ido a kansa ba. Samun shaidar yana cin kuɗi da cike takardu, don haka manomin Mambila mai gona ɗaya yana iya yin noma mafi tsabta ba tare da wani hatimi ba. Ƙungiyoyi da yawa masu shaidar kuma ba sa samun mai sayen dukkan amfaninsu a farashin Fairtrade, sai su sayar da ragowar a kasuwa kamar kowa. A harkar koko an yarda kamfani ya gauraya mai shaida da marar shaida a masana'anta muddin lissafin abin da ya saya ya yi daidai da abin da ya buga wa tambari. Saboda haka ƙa'idar da nake bi ita ce: idan kayan daga nesa suka zo kuma ba yadda zan yi in tambayi kowa, mai tambari ya fi marar tambari, idan kuwa zan iya kaiwa ga manomi ko wanda ya saya a hannunsa, tambayar baki ta fi hatimi. Kalmomin talla irin su "na gargajiya" ko "tsantsa daga gona" da hoton koren ganye da kamfani ya zana da kansa, waɗannan ba wanda ya bincika su, kowa yana iya bugawa.

Mataki na huɗu gajere ne amma mai nauyi, shi ne koko. Kodebuwa da Gana su biyu suke noma fiye da rabin kokon duniya. Tun 2001 manyan kamfanonin cakulan suka sa hannu a kan alkawarin kawar da mafi munin aikatau na yara daga gonakin koko, amma binciken da wata cibiya ta Jami'ar Shikago ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari biyar da sittin suna aikin da bai dace da shekarunsu ba a gonakin ƙasashen biyu, da adda a hannu, da ɗaukar kaya masu nauyi, da kusantar maganin feshi. Tushen abin talauci ne, domin manomin da kuɗin kokonsa bai isa ya ɗauki ɗan ƙwadago ba, ɗansa zai saka. Wannan ya sa a 2019 gwamnatocin ƙasashen biyu suka ɗora ƙarin dala 400 a kan kowane tan don inganta abin da manomi yake samu. Abin da mai cefane zai yi shi ne ya rage sayen tarkacen alawar cakulan mai arha wadda mafi yawanta sukari ne da mai, ya sayi kaɗan mai kyau wadda ta faɗi asalinta, ya kuma fifita wadda aka sarrafa a Gana ko Najeriya, domin ribar sarrafawa ta zauna a ƙasar da ta yi noma.

Akwai wani abu da ya kamata mu sa wa ido. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da za ta hana shigar da gahawa da koko da manja da waken suya da roba da katako da naman shanu idan an same su daga filin da aka sare dajinsa bayan ƙarshen 2020, ko da yake an ɗage ranar fara aiki da ita. Kayan da suka kasa cika wannan sharaɗi ba za a zubar da su a teku ba, za su nemi kasuwar da ba ta tambaya, kuma kasuwanninmu suna cikin irin waɗannan. Game da ganyen shayi, ya isa a tuna cewa ana nomansa a Kakara da ke tsaunin Mambila, kuma ana samunsa a kasuwa da sunan Highland Tea, ga wanda yake so kuɗin shayinsa su tsaya kusa.

Mataki na biyar shi ne kasuwar gida, inda mafi yawan kuɗinmu suke tafiya, kuma inda muke da damar da Bature yake biyan kuɗi mai yawa don ya samu, wato sanin fuskar wanda ya noma abincinka. Ka fara da wake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Waken da aka hana shiga can, mu muke ci a nan. Idan ka je gaban mai hatsi ka ɗebi waken a tafin hannu ka sansana. Idan ka ji warin magani, ko ka ga wani farin gari ko maiƙo a jikinsa, ka bar shi. Waken da ya kai watanni bayan kaka amma ko ƙwaro ɗaya bai kusance shi ba, ka tambayi yadda aka ajiye shi. Amsar da kake so ka ji ita ce an ajiye shi a buhu mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, ko a cikin durom ko jarka da aka toshe bakinta, domin rashin iska ne yake kashe ƙwarin ba guba ba. Masana a Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro wannan buhu tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, kuma yau ana samunsa a kasuwanninmu. Duk ranar da mai saye ya tambaya kuma ya yarda ya ƙara 'yan kuɗi a kan waken da ba magani, ya ba ɗan kasuwa dalilin sayen buhun a kaka mai zuwa.

Gyaɗa da masara kuma ka guji waɗanda suka yi fumfuna ko suka canza launi ko suke warin danshi, domin fumfunar tana haifar da gubar da take lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Wannan ya shafi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da tunkuza, saboda haka ka san mai yi maka su, ka san irin gyaɗar da take saye. Manja mai ja ƙwarai fiye da kima, wanda yake barin launi a hannu ko a kwano bayan wanki, yana iya zama an yi masa algus da rini. Mangwaro da ayaba da suka nuna gaba ɗaya a waje ɗaya, fatar ta yi rawaya amma cikin da tauri ba zaƙi, galibi an tilasta musu nuna da sinadarin kabaid na masu walda, abin da NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa. Bandar kifi ko kilishi da ƙuda ba ya sauka a kansu a tsakiyar kasuwa su ma abin tambaya ne, haka goron da aka daɗe da ajiyewa.

Ka bi lokaci. Tumatir da albasa da tattasai suna arha lokacin da noman rani ya zo daga Kadawa da fadamun Sakkwato da Galmi ta jihar Tawa, kuma a lokacin ne manomi yake kallon kwandunansa suna ruɓewa a bakin titi don rashin mai saye. Sayen kwando guda a wannan lokaci a yanka a shanya a kan tabarma ko gado mai tsabta, ba a ƙasa ba, a yi kauɗa, ya taimaki manomin, ya kuma rage maka sayen tumatirin gwangwani a damina, wanda da yawa daga cikinsa daga ƙasar Sin ake shigo da markaɗensa. Haka nan gero da dawa da acca da kuka da zogale da daddawar kalwa ba abincin marasa hali ba ne. Su ne amfanin da ƙasarmu take bayarwa da ruwa kaɗan, kuma duk wanda ya sayi daddawa ko man kaɗe ya ba mutanen ƙauye dalilin barin ɗorawa da kaɗanya a tsaye maimakon a sare su a yi gawayi.

Mataki na shida shi ne ciniki kansa, kuma a nan ne na fi ganin muna tauye mutane ba tare da mun lura ba. Mutum zai shiga babban kanti ya biya abin da aka rubuta bai ce uffan ba, sannan ya fito ya tsaya a kan tsohuwa mai tallan alayyafo ko Bafulatana mai ƙwaryar nono yana taya rabin kuɗi, har ta ce albarka sau uku, ya juya kamar zai tafi don ya san ba za ta iya komawa gida da kayan ba. Tayi al'adarmu ce kuma ba laifi ba ne, amma akwai bambanci tsakanin neman farashin gaskiya da cin moriyar matsuwar mutum. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙi idan ya sayar, mai sauƙi idan ya saya, mai sauƙi idan ya nemi a biya shi bashi. Ya kuma hana tarbar masu kawo kaya a hanya kafin su iso kasuwa su san farashi, wanda shi ne ainihin abin da wasu suke yi wa manoma a bakin hanya ranar kasuwa.

A aikace, ka zagaya ka ji farashi a wuri biyu ko uku kafin ka taya, domin tayinka ya zama a kan sani. Idan ƙaramin mai sayarwa ya faɗi kuɗin da ya yi daidai da kasuwa, ka biya, kada ka nemi gyara a kan tulin da ribarsa duka ba ta kai kuɗin motarsa ba. Ka biya nan take idan kana da shi, domin bashin da kake ganin ƙarami shi ne jarin mai kayan miya na gobe. Idan kai ne kake sayen hatsi a ƙauye, ka auna da mudun da za ka yarda a auna maka da shi, kada ka zo da tiya mai zurfi ta saye ka ajiye marar zurfi ta sayarwa, domin a kan wannan Suratul Muɗaffifin ta sauka da kakkausan gargaɗi. Kada ka ba manomi bashi a tsakiyar damina, lokacin da rumbunsa ya ƙare, da sharaɗin ya biya ka da buhun da ya ninka kuɗin a kaka. Ajiye abincin gidanka na shekara hikima ce, amma tara hatsi a ɓoye lokacin da mutane suke nema don farashi ya tashi, wannan shari'a ta hana.

Mataki na bakwai ya shafi nama da leda da ragowar abinci, kuma ba ya buƙatar dogon bayani. Ka san mahaucinka, ka san a mayanka yake yanka dabba mai lafiya. Ka tambayi mai kaji ko ya jira kwanakin da aka rubuta a jikin magani sun cika kafin ya sayar. Kada ka sayi ƙananan kifin da ba su isa kamu ba, domin su ne kifin baɗi. Ka fita cefane da kwando ko jaka da kwanon awo, ka ce a bar leda. Duk mai kiwo ya san abin da ake tararwa a tumbin akuya ko saniya da ta rame ba dalili. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya yana salwanta ko a zubar da shi, kuma namu kason ya fi fitowa a ranakun biki da buɗa-baki, inda ake dafa abin da ya fi ƙarfin masu ci. A auna da yawan mutane, a fitar da rabon maƙwabta da almajirai tun abincin yana da zafi, tuwon da ya kwana kuma a yi ɗumame.

Mataki na ƙarshe shi ne amsar wanda zai ce duk wannan sai mai kuɗi, kuma maganarsa tana da gaskiya a wani ɓangare, domin gahawa mai sunan ƙauye da wake marar magani sukan fi tsada, kuma wanda yake neman abin da zai sa a tukunya yau ba a ɗora masa nauyin gyaran kasuwar duniya. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce haɗa ƙarfi. Gida biyar ko goma na unguwa ɗaya, ko abokan aiki, ko 'yan adashi, su tara kuɗi lokacin kaka, su wakilta mutum ɗaya amintacce ya je kasuwar ƙauye ko wurin ƙungiyar manoma ya sayo buhunan wake da gero da shinkafa 'yar gida a farashin da ya ɗan ɗara na dillali. Manomi ya samu ƙari, ku kuma kun samu ƙasa da farashin kiri na birni, saboda hannayen da ke tsakani sun ragu. A rubuta sunan ƙauyen da ranar saye da abin da aka biya a kan kowane buhu, a ɗaure ledojin ciki ɗaya bayan ɗaya bayan an matse iska, a ɗora buhunan a kan katako nesa da bango don danshi da ɓera. A karɓi lambar wayar manomin, a kira shi kafin damina a gaya masa yawan buhunan da za a buƙata baɗi da sharaɗin kada a zuba magani, domin ya san tun kafin ya yi shuka cewa akwai masu jiran amfaninsa da kuma farashin da za su biya.